Gyaran Jirgin Baffa a Bakin Rima: Benci, Daɓe da Dandamalin Gaba

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Mun jawo jirgin daga ruwa da hantsi, muka aza shi bisa tsofaffin tayoyin mota a inuwar dogonyaro, ƙasa kaɗan da gadar Kwalkwalawa. Jirgin katako ne ƙirar Yawuri, mai shimfiɗaɗɗen ciki, ba irin na sassaƙa da ake fafe gungume guda ba. Na sa tef na auna: tsawo ƙafa 22, faɗin baki a tsakiya ƙafa 3 da inci 4, faɗin ƙasa ƙafa 2 da inci 4, zurfi inci 17. Duk katakon da za a yanka nan gaba da waɗannan lambobi za a yi lissafinsa.

Abin da ke cikinsa yanzu bai taka kara ya karya ba. Katakai biyu ne a gicce a saman baki, ɗaya ma ya tsage. Baffa yana zama a baya bisa naɗaɗɗen buhu, ƙafafunsa cikin ruwan da ke taruwa a ƙasa tun asuba har rana ta take, ga shi gwiwa ta fara yi masa gardama. Kalli (ragar da ake shimfiɗawa a ruwa), birgi (ragar jifa), goran ruwan sha, takalma da kifin da aka kama, duk wuri guda suke kwanciya. Abu uku nake so a gama kafin damina: wuraren zama, daɓen katako da zai raba ƙafa da ruwa, da ɗan dandamali a goshin jirgi inda mai jefa birgi zai tsaya.

Baffa bai yi murna da maganar ba. Ya ce, "Jirgi ba ɗaki na ba, ɗana. Dut abin da ka aza mai, kai ka tuƙa shi." Da na nace sai ya kafa sharaɗi uku. Ba za a huda jikin jirgi a inda ruwa ke kaiwa ba. Duk abin da aka sa, a iya cire shi da hannu ba sai an nemo guduma ba. Kuma idan an gama, mutum biyu su iya jawo shi gaɓa kamar yadda suke yi yanzu. Na amince.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau bincike kawai aka yi. Na bi haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya da bakin sukudireba ina tokarawa. Inda katako ke da lafiya ƙarfen ba ya shiga, inda ya ruɓe kuwa sai ya lume ba tare da an matsa ba. Haƙarƙari uku na baya sun ruɓe daga gindi, daidai inda Baffa ke aza buhunsa. Dalilin a fili yake: buhu yana riƙe danshi, iska ba ta ratsa wurin, ƙasa da ɓawon kifi sun taru a kusurwa sun toshe ɗan ramin da ruwa ke bi ya gangara. Katakon da ke nutse cikin ruwa koyaushe ya fi wannan lafiya nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe katako shi ne laima marar fita.

Wannan ya sauya min tunani kan daɓen. Idan aka kafe shi da ƙusa aka rufe ƙasan jirgi ruf, to an yi wa ruɓa gida ne daga goshi har gindi. Sharaɗin Baffa na biyu ya samu hujja tun ba a je ko'ina ba.

Langa-langar da aka lulluɓe mahaɗar katakai da ita ta yi tsatsa a wurare da dama, sai an sake. Hunturu bai gama tafiya ba, iskar tana tsotse katako, har na ga wata mahaɗa ta fara buɗe baki cikin mako guda da fitowa daga ruwa. Mun rufe jirgin da jiƙaƙƙun buhunan algarara, yaron yayata zai riƙa yayyafa musu ruwa safe da yamma.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wurin 'yan katako muka yini ni da kafintan unguwarmu, wanda ya taɓa aikin jirage a Yawuri yana saurayi. Kuɗin katako ya yi tashin gwauron zabo, don haka kowane falle sai da muka juya shi ciki da bai.

Na tafi da niyyar sayen filawud, falle ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ya isa dandamali har ya yi saura. Kafinta ya ce in karɓi guntu tukuna. Da muka dawo ya jefa guntun a tukunyar ruwan zafi ya bar shi ya tafasa. Kafin mu gama sallar La'asar ya rabu falle-falle, ana ɓare shi da farce. Gam ɗin da ake haɗa na kasuwa da shi na kayan ɗaki ne. Akwai wanda aka yi don ruwa, amma ba mu same shi a rumfunan da muka shiga ba, kuma ko mun samu ba kuɗinmu ba ne. An rufe babin filawud.

Saura zaɓi tsakanin maɗaci, malaina da obece. A nan lissafi ya yi daɗi, domin falle mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, girmansa daidai yake ko wane itace ne, nauyi kaɗai ke bambanta. Mun aza a sikeli: maɗaci ya kai wajen kilo 20, malaina ta tsaya kusa da 14, obece bai wuce 11 ba. Obece ya fi sauƙin ɗauka, amma ba ya jure ruwa, ƙwari ma suna son sa. Maɗaci ga ƙarfi ga jimiri, sai dai nauyi, kuma busasshe mai kyau ya yi wuya yanzu. Muka raba: maɗaci a haƙarƙari da benci, inda ake bukatar ƙarfi, malaina a daɓe da dandamali, inda ake bukatar faɗi. Malaina ba ta cika murɗewa ba idan ta bushe, tana kuma karɓar fenti. Matsalarta jinkirin bushewa, saboda haka kafinta ya ƙi duk fallen da ya ji sanyi a tafin hannunsa.

Wajen ƙusa kuma wani wasa ne. Mai shago ya kawo sukurori masu ƙyalli ya rantse ba sa tsatsa. Kafinta ya zaro maganaɗisun tsohuwar sifika daga aljihu, ya kai kusa, suka manne gaba ɗaya. Na gasken da ƙyar maganaɗisu ke jan su. Muka sayi ƙusar kwano mai farin rufi, da noti shida masu irin wannan rufin.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar da ta wuce, aiki ya koma daga bayan Asuba zuwa hantsi. An ɓamɓare tsohuwar langa-langa, an cusa auduga a mahaɗai da bakin tsohuwar wuƙa, an bi da narkakkiyar kwalta, sannan aka lulluɓe da sabuwa. Kwaltar a rabin duro muka narkar da ita, can nesa da jirgi. Wanda bai taɓa yi ba ya kiyaye: ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa cikin tafasasshiyar kwalta, fantsama za ta yi, kuma inda ta taɓa fata ba ta saki. Duro da ludayi su bushe ƙayau kafin a aza wuta.

Asabar, 22 ga Maris

An sauya haƙarƙari ukun. Kowane an yanke masa kusurwar ƙasa, ramin da babban yatsa zai shige, don ruwa ya riƙa gangarowa baya. Na bi sauran tsofaffin ramukan da waya na buɗe su. Sai bayan Sallah.

Asabar, 5 ga Afrilu

Jirgi ya koma ruwa tun washegarin Sallah. Kwanakin farko ya sha ruwa sosai, sannan katako ya kumbura, mahaɗai suka matse, yoyo ya tsaya. Gulbin ya ja baya ƙwarai. A wannan lokaci na shekara abin da Rima ke ɗauke da shi ya danganta da abin da aka sako daga madatsar Goronyo, don haka muka samu wuri mai yashi, ruwa iya ƙugu, daidai gwajin da nake so.

Gwajin tsayin benci ne, kuma a ganina duk aikin nan babu ranar da ta kai ta yau muhimmanci. Ba mu kafa komai ba. Mun zo da guntayen katako muna jerawa a ƙasan jirgi, muna aza falle a kai. An sa buhun yashi biyu a tsakiya a madadin kaya. Baffa ya zauna a baya, yaron yayata a tsakiya, ni ina tsaye cikin ruwa da alli a hannu. Sai yaron ya sunkuya gefe kamar mai jawo kalli, ni kuma in ja layi inda ruwa ya kai a jikin jirgi.

A inci 12 daga ƙasa zama ya yi daɗi, gwiwa ta miƙe, Baffa har da murmushi. Amma da yaron ya sunkuya sai jirgi ya karkata da sauri, ruwa ya zo saura faɗin tafin hannu ya taɓa baki, kuma da ya ɗago jirgin bai dawo nan take ba, sai da ya yi tangaɗi. Murmushin Baffa ya ɗauke. A inci 6 jirgi ya zauna daram, sai dai gwiwa ta naɗe kamar da, filafili kuma yana bugun bakin jirgi a kowane tuƙi. Muka yi ta ƙari da ragi. Na tsakiya ya tsaya a inci 8. Na Baffa ya tsaya a inci 9, domin mai tuƙi a baya yana bukatar hannunsa ya haye baki, kuma shi ba ya sunkuyawa gefe kamar mai jawo raga. Na gaba inci 8.

Abin lura a nan: nauyin mutanen bai sauya ba ko da kilo ɗaya tsakanin gwaji da gwaji. Inci huɗu kawai aka ɗaga su, jirgi ya zama wani jirgi daban. Faɗin ƙasansa bai kai ƙafa biyu da rabi ba, ba shi da abin da zai riƙe shi a ƙarƙashin ruwa, nauyin da ke cikinsa ne kaɗai ke zaunar da shi. Masu cewa a yi benci mai tsayin kujerar gida don dattijo ya huta, ƙaunarsa suke yi, amma ba su tsaya cikin ruwa sun ga layin allin nan ba.

Kafinta ya tuna mana da wani abu da ni ban kawo a rai ba. Tsofaffin katakan nan biyu da ke gicce a sama ba don zama kawai aka sa su ba, su ke riƙe bangon jirgi kada ya buɗe. Idan aka cire su aka sauke benci ƙasa, baki zai saki a hankali. Don haka za a bar siririyar sandar maɗaci biyu a saman baki, kafaffu da noti, ɗaya a ƙarshen dandamali, ɗaya a bayan bencin tsakiya. Ya dubi Baffa ya ce, "Baba, wannan kam sai dai ka yi haƙuri, ba ta ciruwa." Baffa ya ce wannan ba ƙari ba ne, ƙashin jirgi ne, bai shiga sharaɗi ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi ya haura 40, guduma ma idan ta jima a rana ba ta taɓuwa. A zauren kafinta muka yi aikin daɓe.

An tsaga malaina sirara, faɗin inci 3, kaurin da bai kai inci ɗaya ba, aka jera su a tsaye bisa 'yan sanduna a gicce. Gida huɗu aka yi, kowane yana faɗawa tsakanin haƙarƙari ya zauna da kansa, yaro ma zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Na rubuta lamba a ƙarƙashin kowane da fenti, tunda cikin jirgi yana tsukewa gaba da baya, babu wanda zai shiga gurbin wani.

Tazarar da ke tsakanin sirara ita ta ci mana lokaci. Idan ta yi faɗi, ƙananan kifi irin su kawara za su zurara ƙasa su ruɓe, dalmar birgi kuma ta maƙale a daidai lokacin da ake son ɗaga raga. Idan ta matse, ruwa ba zai sauka ba, kuma katako in ya kumbura zai tokari ɗan'uwansa ya bankare. Na kawo dalma ɗaya daga birgin Baffa muka yi awo da ita: tazara ta zama ƙasa da kaurin dalmar, wajen kaurin fensir. Da fensir ɗin ma aka jera su duka.

Gaban bencin Baffa an bar gurbi mai faɗin ƙafa ɗaya babu daɓe, nan ne wurin kwarfe ruwa, kuma an yanka galan daidai faɗinsa. Wannan gurbi ba don kwarfa kawai ba ne. Daɓe yana ɓoye ruwa. Da, kowa na ganin ruwa ya taru don yana jin sa a ƙafa. Yanzu sai ya kai inci biyu ba a sani ba, kuma ruwan da ke kai-komo a cikin jirgi duk gefen da aka karkata can yake bi ya ƙara nauyi. Dole a bar wa ido taga. An kafa masa ɗan matokari a gicce bayan gurbin, inda zai dafa ƙafa yana tuƙi.

Asabar, 3 ga Mayu

Dandamali. Nan muka fi yin gardama da yaron yayata, domin shi ne mai jefa birgi, kuma so yake a yi shi daidai da bakin jirgi don ya hango ruwa da kyau, ragar kuma ta buɗe sosai. Muka koma wurin yashin nan, ya hau falle a saman baki ya jefa. Jifa ta yi kyau, shi kuma ya bi ta. Da ya fito yana tsiyayar ruwa bai ƙara cewa komai ba. An sauke dandamali inci 6 ƙasa da baki, yadda bangon jirgi zai tare masa ƙafa. Tsawonsa ƙafa 3 da rabi, babu tazara ko ɗaya a samansa saboda dalma.

Ƙarƙashinsa na so in yi akwatin ajiya. Rabi ya zama haka: murfi mai maɗaurin robar taya maimakon ƙarfe, a ciki tocila, igiya, wuƙa da waya a cikin leda. Ɗaya rabin an cusa galan huɗu masu lita 10, babu komai ciki, an ɗaure murafensu da roba. Wasu biyu suna bayan bencin Baffa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka galan shida za su ɗaga abin da ya kusa kilo 60 idan jirgi ya cika da ruwa. Ba za su hana kifewa ba. Amfaninsu shi ne jirgi ya tsaya a sama mutum ya samu abin riƙewa. An ɗaure su da igiya a jikin haƙarƙari, ba a jikin dandamali ba, don in ba haka ba ranar da ake bukatarsu za su ɗage dandamalin su yi gaba abinsu.

Da yamma Baffa ya faɗi abin da ashe ke cin sa tun farko. Ba nauyi ba ne. Ya ce benci yana kiran fasinja. Jirgin da babu wurin zama, mai kayan kasuwa ba ya roƙon a haye da shi. Ranar da aka ga benci mai fenti, kowa ɗan'uwa ne. Ya kawo maganar jirgin da ya kife a ƙaramar hukumar Shagari cikin Afrilun 2022, mutum 29 suka rasu, galibi yara da matasa. Ban da amsa. Abin da muka tsayar shi ne benci uku, mutum uku, kuma za a ja layin fenti a jikin jirgi ta waje. In ruwa ya taɓa layin, ko buhun albasa ɗaya ba za a ƙara ba.

Asabar, 17 ga Mayu

An kafa doguwar sanda a jikin haƙarƙari ta ciki, hagu da dama, benci suna zaune a kanta cikin gurbin da aka sassaƙa musu. Sai an huda maɗaci da siririn baki kafin a buga ƙusa, in ba haka ba ya tsage daga ƙarshe. Kowace ƙusa an tsoma ta a kwalta.

Majinginar Baffa gajeruwa ce, inci 7, iya ƙugu kawai, don kada ta tare kafaɗa wajen tuƙi, tana kuma kwantawa gaba idan zai tashi ya kama sanda. Soson katifa da na kawo ya mayar min da shi, ya ce ko an naɗe shi da tamfol sai ya sha ruwa ya yi wari. Tabarmar roba aka ninka huɗu aka ɗaure.

Daga nan ya yi nasa binciken. Ya ɗauko tsohon guntun kalli ya riƙa jan sa a hankali bisa kowane katako, daga goshi har gindi. Duk inda zare ya kama sai ya tsaya ya dube ni, ni kuma in zo da guduma ko samfefa. Kan ƙusa da bai nutse ba, kusurwar benci, bakin noti, har wata 'yar tsaga da ido ba ya gani. Ya samo wurare da yawa fiye da yadda na zata bayan kafinta ya ce an gama. Raga ɗaya da ta yage ta fi kuɗin bencin duka, don haka ban yi ƙorafi ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Fentin mai, shafi biyu, ciki da bai, musamman bakin da aka yanka, don ta nan katako ya fi shan ruwa. Launin toka mai haske muka zaɓa. Baƙi ko kore mai duhu a ranar Sakkwato ba ya takuwa da ƙafa. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a shafe ƙasan daɓe da baƙin man mota. Na ƙi. Zai bi ruwan kwarfa ya koma gulbi, kifin da ya kwanta a kai kuma ya ɗauki wari.

A dandamali an barbaɗa tankaɗaɗɗen yashin gulbi bisa ɗanyen fenti, da ya bushe aka share aka sake shafi ɗaya. Majinar tarwaɗa a kan fenti mai sulɓi sabulu ce.

Jimillar abin da aka ƙara, da aka aza a sikeli kafin a shigar: kilo 46. Jirgi ya ƙara nutsewa da abin da bai wuce rabin inci ba. Ni da yaron mun jawo shi gaɓa da komai a ciki.

Asabar, 14 ga Yuni

Hidimar Layya ta wuce, an yi ruwan farko mai ɗan dama, gulbi ya fara sauya launi. Yau aka fita su na gaske. An samu karfasa, kurungu da 'yan tarwaɗa. Ƙafar Baffa a bushe har muka dawo, sai dai bai ce komai a kai ba, ya ce dai matokarin ƙafa a matso da shi inci ɗaya.

Abu biyu sun fito. Kurungu idan ya faɗo bisa daɓe yana miƙe ƙayoyinsa ya kulle, ƙayar kuma tana shiga tazarar nan daidai, sai an karya ta kafin a ciro shi. Maganinsa kada ya taɓa daɓe, daga raga sai kwando. Na biyu, bahon da muka sa tarwaɗa a ciki ya yi faɗi, ruwansa yana kai-komo yana jan jirgi. Tarwaɗa ba ta bukatar ruwa mai yawa, tana shaƙar iska, in dai jikinta da laima za ta kai Kasuwar Daji da rai, kuma mai rai ta fi kuɗi. Za a yanka jarka a tsaye, mai ƙunci, a tokare ta tsakiyar jirgi da 'yan katakai biyu.

Asabar, 12 ga Yuli

Ruwa ya ƙaru, ya yi ja, yana tafe da kainuwa da karan gero na bara. Tsofaffin wurin nan har yanzu da ambaliyar 2010 suke auna kowace damina, shekarar da ruwa ya yanke hanyar jami'a, kuma sun ce bana da saura tukuna. Duk da haka ƙarfinsa ya isa a gane halin jirgi. Da ya juya gefe ga igiyar ruwa ya yi tangaɗi ya dawo, ba ya rataya. Yaron ya daina tsayawa a dandamali idan muna tsakiyar gulbi, sai a bakin ciyawa inda ruwa ya lafa. A tsakiya durƙusawa yake yi. Ba wanda ya sa shi.

Maganar Baffa ta tabbata. Masu gonakin fadama a tsallake sun fara zuwa da sassafe, wannan da buhun taki, wancan da yara biyu. Ƙin mutumin da kuke sallah sahu ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba, kuma layin fentin nan ya yi mana rana fiye da yadda na zata, don ya ɗauke maganar daga bakin Baffa ya mayar da ita jikin jirgi. Sai ya nuna ya ce, "Duba da kanka, Malam, ruwa ya kai." Wasu suna jira a yi sawu biyu, wasu su tafi suna gunaguni. Na sayo rigunan kariya biyu, irin waɗanda NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ke ta kiran a riƙa sawa. Yaron yana sa tasa. Ta Baffa tana rataye a majingina, ya ce Basarke, wanda ya gaji kamun kifi, ba ya koyon iyo da tsufa. Ban bar maganar ba.

An ɗaga daɓen duka an wanke ƙasa. Laka ta taru fiye da zatona, ta toshe ramuka biyu. Daga yau duk Juma'a za a fitar da shi a jingina a rana, a bi ramuka da waya.

Asabar, 26 ga Yuli

Gida na biyu na daɓe ya kumbura ya matse tsakanin haƙarƙari, sai da aka sa sanda aka ɓanɓaro shi. An rage masa kwatan inci kowane gefe, sauran ukun ma an rage musu tun kafin su yi haka. Robar murfin akwati ɗaya ta tsinke, an sauya da mai kauri daga gefen taya. Notin sandar gaba ya fara nuna ja a bakinsa, na goge na shafa kwalta. Idan ya ci gaba za a sauya shi da kaka. Yashin dandamali ya cinye a inda ƙafar dama ke juyawa, yana bukatar sabon shafi, amma sai an samu kwana biyu babu hadari.

Yaron ya kawo maganar inji. Ko an samu kuɗinsa, ga kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023, kuma gindin jirgin nan tsukakke ne, sai an yanke shi an kafa katako mai kauri kafin inji ya zauna. Wannan huda jiki ne, Baffa ba zai yarda ba. Abin da ya nema shi ne maƙala biyu a bangon hagu da za a kwantar da sandar tuƙi a kai, don ta daina birgima a ƙarƙashin ƙafa. Na auna wurin: tsakanin haƙarƙari na huɗu da na tara, inci 3 ƙasa da baki. Akwai ragowar maɗaci a zauren kafinta da za ta isa.